Sallau Injiniya Da Ɓarawon Kuran

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan tasha a Matameye ya san Sallau Injiniya, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Sunan nan na Injiniya ba a lekkol, wato makarantar boko, aka ba shi ba. Rani ɗaya ya yi a Kano yana riƙe wa wani mai gyaran wuta tsani. Da ya dawo gida sai ga shi da jakar fata, da filaya, da sukundireba mai kawo jar wuta a gindi, ya ce daga ranar duk wanda ya kira shi Sallau zalla bai san darajar ilimi ba.

"Ni da kuke gani," in ji shi a fadar shayi, "na taɓa riƙe wayar da ke ba rabin Sabon Gari wuta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina cin gurasa. Kuran, lantarkin nan da kuke tsoro, ya san ni, na san shi. In muka haɗu a hanya shi ke kaucewa."

Yana haya ne a gidan Alhaji Munkaila, shi da matarsa Sadiyya. Gidan sassa uku ne, kowane ciki da falo. Sashen farko na Sallau, na tsakiya na Malam Cha'ibu tela, na ƙarshe na Hajiya Shekara, wata gwauruwa mai jiki da murya, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo in zafi ya shigo. A zaure kuwa aka jera kontar uku masu ƙidaya wuta a bango, kowa da nasa, irin waɗanda ake sa wa kiredi, in ya kusa ƙarewa su kama kuka.

A ƙarshen damina wata iska ta tsinka wayoyin da suka tashi daga zaure zuwa sassan. Alhaji Munkaila ya ciro waya zai kira mai gyara, Sallau ya riƙe masa hannu.

"Haba Alhaji! Ga kogi a gida za ka je neman raɓa?"

Ya hau tsani, ya ƙulla nan, ya murɗa can, kafin la'asar wuta ta dawo ko'ina. Tun daga ranar ko tafiyarsa ta canza.

Aka yi sanyi lafiya aka gama. Zafi na shigowa, wata safiya kontar ɗin Sallau ya kama tii-tii-tii.

Sadiyya ta leƙo daga madafa. "Maigida, ɗanka na kuka."

"Wane ɗa? Ba kwana tara ke nan da na ba shi abincin wata ba?"

"To ka tambaye shi, ai kun saba."

Sallau ya je ya sa kiredi da sauri, don a cewarsa abin kunya ne a ga gidan Injiniya cikin duhu. Kwana takwas, tii-tii-tii. Ya sake sawa. Kwana bakwai, tii-tii-tii. Ya tsaya gaban kontar ya riƙe ƙugu, jar fitilarsa na ta ƙifta masa ido.

"Akwai ɓarawo a gidan nan," ya ce da ƙarfi yadda har masu wucewa za su ji. "Kuma ya yi kuskuren gida. Kwana uku na ba kaina, sai na kamo shi da kunne."

Ya fara da ɗakinsa. Kayan wutarsu duka ba su wuce ampul uku na haske ba, da banti ɗaya, wato fanka, mai juyawa yana ƙara kamar tsohon keke, da 'yar tele, da dutsen guga. Ya bi su ɗaya ɗaya yana dangwala musu sukundireba yana gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wayar Sadiyya da ke caji.

"Na kama na farko. Kullum kina kan hira da yayarki ta Kance. Maganar da kike turawa har Kance, da me kike zaton take tafiya? Da jaki?"

"Wayata ce za ta shanye kuran wata guda a mako? Raƙuma ce?"

"Ke ba ki san sirrin waya ba. Ƙarama ce, amma cikinta rijiya."

Ya ƙwace cajar. Ya kulle dutsen guga a akwati. Ya kwance ampul ukun ya zuba a aljihun wandonsa na baya, ya koma kan tabarma don ya yi lissafi, ya zauna da ƙarfinsa. Sai fass! Ihun da ya yi har tasha an ji. Rabin wunin nan a kife ya yi shi, Sadiyya na tsince masa kwalba da hantsakin cire ƙaya, tana yi tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

"Ki yi a hankali, jikin ma'aikaci ne."

"Ai na gani, har da ampul a ciki. Ko in kunna?"

Da ya iya miƙewa ya dangyasa zuwa zaure. Babu ko abu ɗaya a kunne a ɗakinsa, amma jar fitilar kontar na nan tana ƙifce-ƙifcenta kamar ba a yi komai ba. Sallau ya daɗe yana kallonta, sai ya tafa hannu.

"Na gane! Zafi ne. Kontar ɗin nan a ƙasar sanyi aka ƙera shi. Ranar Damagaram ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, yake ƙidaya ɗaya a matsayin goma."

"To na Malam Cha'ibu da na Hajiya fa? A Matameye aka haife su?"

"Kowane kontar da jininsa, Sadiyya. Kada ki shiga abin da ba ki karanta ba."

Ya wuce sashen Hajiya Shekara sayen ƙanƙara. Ya tarar da ita zaune tsakanin manyan firigo biyu, suna ta gurnani kamar zakuna, tana ƙulla zoɓo a leda.

"Hajiya, a ba ni ƙanƙara biyar, manya."

"Suna za ku yi, ɗan nan?"

"Jinya zan yi. Kontar ɗina ke zazzaɓi."

Hajiya ta ɗaga hannu sama. "Allah ya ba shi lafiya. Ni kam alhamdu lillahi. Ka ga firigo biyun nan, ba dare ba rana, amma kontar ɗina ko tari bai taɓa yi ba bana. Kiredin da na sa tun kafin zafi har yau da saura. Tun da na fara sadakar waina ranar Juma'a Allah ya sa masa albarka. Kai ma ka gwada."

Sallau ya yi murmushin tausayi. "Hajiya, kuran ba ya cin waina. Wannan harka ce ta ilimi."

Ya ƙunsa ƙanƙarar a buhu ya ɗaure a saman kontar. Ya ɗauko bantinsu guda ɗaya tilo, ya ja masa waya har zaure, ya saita shi yana fifita kontar. Sadiyya na ɗaki gumi na bin ta kamar an watsa mata ruwa, kontar na zaure yana shan iska kamar ango. Kafin azahar 'yan fadar shayi sun ji labari, suka kwaso tabarma da butar shayi suka tare a zauren.

"Injiniya, Allah ya ƙara wa mara lafiya ciwo," in ji ɗaya, yana gyara kwanciya a gaban banti.

Ƙanƙara ta narke, Sallau ya sayo wata. Ta narke, ya ƙaro. 'Yan fada suka ga ƙanƙara kusa, su ma suka shiga aika a kawo zoɓo. Ciniki ya buɗe wa Hajiya yadda ba ta taɓa gani ba, har ranar kasuwa sai ga amalanke ya sauke mata firigo na uku. Sallau da kansa ya taya aka shigar da shi, ya kuma jona mata shi kyauta, yana cewa maƙwabtaka ta fi kuɗi.

Kwana huɗu, tii-tii-tii.

Kwana ukun da ya ɗiba wa kansa sun daɗe da wucewa, amma ba wanda ya isa ya tuna masa sai Sadiyya, ita kuwa sau uku take tunawa a rana, bayan kowane abinci. Sallau ya kwance buhu, ya kori 'yan fada, ya koma maganarsa ta farko: ɓarawo ne. Kuma tun da Hajiya mai sadaka ce, saura Malam Cha'ibu.

Malam Cha'ibu mutum ne siriri mai sanyin magana, da tabarau a kan hanci. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, tun na mahaifinsa. Amma wannan bai hana Sallau zuwa ya tsuguna a ƙarƙashin keken yana leƙe ba.

"Lafiya, Malam Sallau? Allura ka yar?"

"Injiniya. Ina duba inda ka ɓoye waya ne."

"Wace waya? Ga ƙafata ita ce kuran."

"Ƙafar nan taka na lura da ita. Tun safe take aiki ba ta gajiya. Ƙafar ɗan Adam ba ta haka sai da taimako."

Malam Cha'ibu ya cire tabarau ya goge ya mayar. "To ka dangwala mata sukundireban mu gani, in ta kawo wuta ka tafi da ita."

Sallau ya fito yana huci. Yana ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan wata baƙar waya da ta tashi daga kusurwar bangonsa, ta ratsa tsakar gida, ta je ta maƙale a tagar Malam Cha'ibu. An lulluɓe ta da zannuwa da riguna daga farko har ƙarshe.

"Allahu akbar! Dubi dabara! Ya ja waya, ya rufe ta da tufafi!"

Bai tsaya tambaya ba. Ya zaro filaya, ƙat! Wayar ta zube, tare da anko ashirin da biyu na wani biki da za a yi a Dungu jibi, waɗanda Malam Cha'ibu ya sa aka wanke aka sa musu sitati aka shanya. Suka faɗa cikin caɓin bakin famfo inda agwagin Hajiya ke wanka. Agwagin suka ga an yi musu shimfiɗa, suka hau.

Wannan ce ranar da unguwa ta fara jin Malam Cha'ibu ya ɗaga murya.

"Igiyar shanya ce! Shekara shida matarka na shanya a kanta!"

"Amma waya ce, ka musa?"

"Tsohuwar waya ce da ba ta jone da komai sai ƙusa!"

"To ƙusar fa, da me take jone?"

"Da bango!"

"Bangon wa?"

"Naka!"

"Ka ji ko!" Sallau ya juya ga matan da suka taru a ƙofa. "Ku shaida, da bakinsa ya faɗa."

Matan suka shaida, amma ba abin da yake so ba. Wunin ranar Injiniya ya yi shi durƙushe gaban bahon wanki, yana cuɗa zannuwan 'yan matan amarya, Malam Cha'ibu na tsaye a kansa da almakashi yana nuna masa inda sawun agwagwa ya rage. Sadiyya ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa tana ba da shawara.

"Ka ƙara sabulu, Maigida. Harka ce ta ilimi."

Wani da ya sha wannan da ya haƙura. Sallau kuwa washegari ya ce wayar sata ba ta bin ƙasa, ta sama take bi, don haka zai hau rufi. Sadiyya ta ce ya bari rana ta yi sanyi. Ya ce ɓarawo da tsakar rana yake sakin jiki. Ya jingina tsani, ya tuɓe takalmi wai don kada a ji motsinsa, ya haye kan kwano ana gab da kiran azahar.

Taku uku ya yi kafin tafin ƙafarsa ya aika masa saƙo. Ya ɗaga ta dama, ta hagu ta ɗauka. Ya ɗaga ta hagu, ta dama ta ɗauka. Nan da nan sai ga Injiniya yana tsalle a kan rufi, kwano na amsawa kamar ganga. Masu kabu-kabu a bakin titi suka tsaya. Wata mai tallan fura ta sauke ƙwarya ta kama tafi.

"Sabuwar rawa ce daga Kano?" wani ya tambaya.

"Tsani! Ku riƙe mini tsani!"

Ai kuwa ragon da Hajiya ke kiwo, wanda ƙarar kwanon ta firgita, ya tsinke igiya ya bi ta ƙarƙashin tsanin ya tafi da shi. Sallau ya duba gabas ya duba yamma, ya hango rumfar zana a ƙofar Hajiya, ya yi bisimilla ya daka tsalle. Rumfar ta karɓe shi da mutunci, sannan ta buɗe ta miƙa shi ga abin da ke ƙarƙashinta: babbar robar zoɓon da aka dafa tun asuba aka ajiye ya huce.

Ya taso jajawur tun daga hula har ƙafa. Sadiyya ta fito ta gan shi, ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Mata suka ɗauki salati. Wani ya ruga neman mota a kai shi asibiti. Hajiya Shekara ta ratso taron, ta dangwali kafaɗarsa da yatsa ta lasa.

"Ku daina kuka, ba jini ba ne. Zoɓona ne, har na sa citta."

Sadiyya ta sauke hannu daga ka, ta dube shi sama da ƙasa, ta koma ɗaki ta turo ƙofa.

Da yamma Alhaji Munkaila ya iso, don ƙara uku ta same shi a shago a rana ɗaya. Ya dubi rumfa, ya dubi kwanon da ya lotsa, ya dubi Sallau da har yanzu kunnuwansa ja ne.

"Sallau, shekara ashirin ina ba da haya, ban taɓa korar kowa ba. Kada ka sa in fara da kai. Ka ce akwai ɓarawo a gidana. Na ba ka zuwa Juma'a. In ka nuna shi, shi zai tashi. In ba ka nuna ba, kai za ka tashi."

Wannan magana ta shiga Sadiyya fiye da yadda ta shiga mijinta. Gidan kusa da famfo yake, kusa da kasuwa, kuma ta sha wuya kafin su same shi. Ta ce masa ya je ya ba kowa haƙuri a rufe maganar. Ya ce Injiniya ba ya ba da haƙuri, sakamako yake bayarwa. Kwana biyu yana zaune gaban kontar da tagumi, ƙafafunsa cikin robar ruwa. Ranar Alhamis ya miƙe zumbur har robar ta kife.

"Sadiyya! Wata dabara ta zo mini wadda ko Turawan da suka ƙera kontar ba su san ta ba!"

"Inna lillahi," in ji Sadiyya, ta fara haɗa kwanoninta a kwali.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan Alhaji Munkaila ya cika. Sallau ya bi fada fada ya gayyato mutane, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba, sun ga taro ne suka biyo. Ya sa babbar riga, ya rataya jakar fata, ya soke sukundireba a hula. Ya ba da umarni kowane sashe a buɗe ƙofa a kunna duk abin da ke aiki da wuta. Ya sayo sababbin ampul ya ɗaura a nasa ɗakin, ya kunna banti, ya kunna tele ana nuna kokowa. Sannan ya hau kan turmi a bakin zaure.

"Jama'a, salamu alaikum. Yau za ku ga bambancin mai ilimi da mai ƙarfi. Wata biyu ana shan jinina a gidan nan. Na yi shiru, na yi haƙuri."

"Yaushe?" in ji Malam Cha'ibu.

"Ga kontar ɗina. Yanzu zan kashe shi a gabanku. Duk wanda ya jona wayarsa a jikin tawa, wutarsa za ta ɗauke tare da tawa. Wanda ɗakinsa ya yi shiru, shi ne ɓarawo. Alhaji, ka yarda?"

Alhaji Munkaila ya shafa gemu. Ga mamakinsa, maganar ta yi ma'ana. "Na yarda."

Sallau ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya karanto wata addu'a, ya danna maɓalli. Ƙat.

Gurnanin da aka saba ji a gidan dare da rana, har an daina lura da shi, ya tsaya cak. Firigo uku na Hajiya Shekara suka yi tsit a lokaci guda.

Taro ya ɗauki "Laaa!" Hajiya ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan bokiti.

"Ni? Ni Shekara? Ni da na taɓa ɗakin Allah da hannun nan?"

Sallau ya diro daga turmi, ya manta da ƙunar ƙafa, ya shiga zagaya tsakar gida yana baza riga.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Waina! Wai waina ce ke biya mata kuran! Ashe ni ne wainar! Jama'a, wa ya kama ɓarawo?"

"Injiniya!" 'yan fada suka amsa.

"Ban ji ba!"

"Injiniya!"

Malam Cha'ibu kuwa ya karkata kai yana saurare, ya ɗaga hannu kamar ɗan lekkol.

"Malam Sallau, baƙo ka yi a ɗaki?"

"Wane baƙo?"

"Na ji wani na ihu wai an kayar da shi."

Aka kasa kunne. Daga ɗakin Sallau muryar mai sharhin kokowa na tashi, ganguna na tashi. Kowa ya juya. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango tele na aiki, ampul uku na haske, banti na juyawa da ƙararsa ta tsohon keke, labule na kaɗawa.

"Wannan," in ji Sallau, "saura ne. Ragowar kuran da ke cikin waya. Yanzu zai ƙare."

Aka jira. Aka yi kokowa ɗaya aka gama, aka shiga ta biyu.

Malam Cha'ibu ya taka a hankali zuwa zaure, ya gyara tabarau, ya sa yatsa a kan kontar ɗin Hajiya. Ƙat. Tele ta mutu ana tsakiyar kamawa. Banti ya yi juyi biyu ya tsaya.

Hajiya Shekara ta miƙe daga kan bokiti, ƙarfinta ya dawo gaba ɗaya.

"Ɓarawo! Ashe da wutata kake kallon kokowa!"

"Ke da kika ɗora mini firigo uku!"

"Na ukun wa ya jona?"

Alhaji Munkaila ya buga sanda a ƙasa. "Ku dakata. Kontar ɗin Sallau na ba ɗakin Hajiya wuta. Na Hajiya na ba ɗakin Sallau. To wa ya ƙulla wayoyin nan da iska ta tsinka su?"

Idanu wajen sittin suka sauka a kan Sallau.

"Alhaji," in ji Sallau, "ka san iskar nan ta bara ba ƙaramar iska ba ce. Ta yiwu bayan na gama ta dawo."

Dariyar da ta ɓarke sai da ta tashi tattabarun maƙwabta. Wani ɗan fada ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Mai fura, wadda ta sake zuwa, ta ce a riƙe mata ƙwarya. Sadiyya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ratso mutane ta tsaya gaban mijinta.

"Maigida, tsaya in fahimta. Ƙanƙarar da ka yi ta saye wurin Hajiya, da wutarmu aka yi ta?"

"A wani ɓangaren."

"Ka saya ka ɗora wa kontar, don ya daina ƙidaya wutar da aka yi ƙanƙarar da ita?"

"In kin duba ta fuskar ilimi..."

"Ni kuma ka ƙwace mini caja, kwana goma ban ji muryar yayata ba, ashe ma wutar Hajiya nake sha?"

"Kin ji ko, Alhaji!" in ji Hajiya. "Ta amsa da bakinta. A biya ni!"

Alhaji ya ce in ana maganar biya, Hajiya ce za ta sayar da firigo ɗaya, don haka gara kowa ya yafe. Hajiya ta yi lissafi da yatsu a ɓoye cikin mayafi, nan take ta ce ita dama mai yafiya ce. Game da tashi kuwa, Alhaji ya ce an yi sharaɗi ɓarawo zai bar gida, ga shi an kama ɓarawo, kuma shi ne wanda aka yi wa satar, shi kuwa bai san yadda ake korar rabin mutum ba. Sadiyya ta sauke ajiyar zuciya.

Sallau ya ga ƙofa ta buɗe. Ya zuge jaka ya zaro filaya.

"To tun da an gano matsalar, kuma ku shaida ni na gano ta, a ba ni tsani. Minti biyar."

"Ku riƙe shi!" Alhaji, da Hajiya, da Sadiyya suka faɗa tare.

Maza huɗu suka rungume shi. Malam Cha'ibu ya ɗauke jakar fata ya zauna a kanta. Aka aika aka kira Marwan, mai gyaran wuta na bakin kasuwa, wanda ya zo a kan babur ya hau tsani ya duba ƙullin wayoyin, sannan ya waiwayo.

"Alhaji, wane makaho ne ya yi wannan aikin?"

Mutane suka dubi sama, wasu suka dubi ƙasa.

"Wani ne," in ji Sallau daga hannun masu riƙe da shi. "Ba ɗan garin nan ba ne. Ya koma."

Marwan ya kwance waya biyu ya sauya musu wuri, ya sauko, ya sha zoɓo, ya tafi.

Bayan kwana biyar kontar ɗin Hajiya Shekara ya yi kukansa na farko a shekarar. Ta fito ta tsaya a kansa tana salati, ta aika wa Sallau harara ta taga, ta ce shi ya kore mata albarka da baƙin bincikensa. Na Sallau kuwa ya koma lumshe ido kamar mage a inuwa.

Labari ya bi motocin kasuwa ya shiga ƙauyuka, kuma kamar kowane labari, ya sauya kaya a hanya. Wata safiya Sallau na zaune a ƙofar gida, sai ga wani mutum a kan babur, ƙura har gira.

"Salamu alaikum. Daga Yauri nake. Nan ne gidan Injiniyan da ke sa firigo ya yi aiki wata da watanni mai shi bai biya ko dala ba?"

Sallau ya gyara zama, ya leƙa cikin gida ya ga ko Sadiyya na ji. Tana ji.

"Ka iso wurin. Firigo nawa gare ka?"

"Biyu, da injin markaɗe. Amma an ce sharaɗin aikin, kai ke biyan wutar. Shi ne na ce bari in zo da wuri kafin layi ya yi tsawo."

Daga cikin gida aka ji Sadiyya ta saki tabarya tana dariya har da tari. Sallau ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dafa kafaɗar baƙon ya raka shi har bakin babur.

"Bana na rufe karɓar aiki, sai dai baɗi. Amma in ka koma Yauri ka faɗa musu abin da ka gani da idonka. Tun da aka kawo wuta garin nan, ka bincika, mutum nawa ne suka taɓa raba kuran kyauta? Ko kamfanin da ke yin sa bai taɓa ba. Ni kaɗai ne."